Sørine: Sunan Mace Mai Ɗauke Da Tarihin Namiji

Yau ɗafa-ƙeya ce za ta kai mu ƙasar Danmak.

Mai bin salsalar danginsa a can, in ya buɗe rajistar coci ta ƙarni na 19, yakan ci karo da sunan mace kamar Sørine. Yau da wuya ka ji an raɗa wa jaririya shi, har jikoki kan ɗauka baƙon suna ne daga wata ƙasa. Alhali ɗan gida ne. Raba shi biyu ka gani: tushensa Søren, sunan namiji, sai aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -ine mai nuna jinsin mace. Haka Jens ya haifi Jensine, Hans ya haifi Hansine, Niels kuma Nielsine. Kusan abin da muke gani ne a Hassan da Hassana.

To shi Søren ɗin daga ina? Asalinsa Severinus ne na Latin, daga kalmar severus, wato mai tsanani, marar wargi. Wani bishop na birnin Kolon da ke Jamus, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 4, shi ya sa sunan ya bazu, don Kiristoci sun ɗauke shi waliyyi. Da ya shiga bakin mutanen Danmak sai ya fara zaizayewa: ƙarshensa -us ya faɗi, wasali ya sauya, aka riƙa rubuta Søfren ko Søffren, daga baya baƙin tsakiyar ma ya shafe. Yadda Abdullahi ya koma Audu a bakin Bahaushe ke nan. Wanda ya fi shahara da sunan shi ne masanin falsafa Søren Kierkegaard (1813–1855).

Me ya sa za a ba mace sunan namiji? Nan tarihin yake. A karkarar Danmak ba a zaɓen suna don daɗinsa kawai, mayar da shi ake yi. Ɗan fari yawanci ya ci sunan kakansa, 'yar fari ta ci na kakarta. Amma mamaci yana gaba da kowa. In uba ya rasu ya bar ciki, abin da aka haifa shi zai gaji sunan. In bazawara ta sake aure, ɗan da ta fara haifa yakan ɗauki sunan marigayi mijinta. In kuma mace ce ta zo fa? Sai -ine ta raba gardama. Wannan ɗafa-ƙeya ta shigo ne ta sunaye irin su Caroline da Wilhelmine na gidajen manya, talakawa suka ara suka yafa wa sunayensu na gida.

Saboda haka duk inda ka ga Sørine, nemi Søren. Kuma ka fara da shafin jana'iza na 'yan shekarun da suka gabaci haihuwarta. An wajabta wa limaman coci ajiye rajista tun 1645 da 1646, ga kuma ƙidayar jama'a ta 1787 da 1801 da 1834 mai jera mutanen kowane gida. Hukumar adana tarihin ƙasar, Rigsarkivet, ta ɗora hotunan littattafan nan a intanet kyauta.

Sai dai a yi hattara da tarko biyu. Na farko, sunan ƙarshe. A da, 'yar Jens ana rubuta ta Jensdatter, ɗansa kuma Jensen. Dokar 1828 ta ce kowane jariri ya samu tsayayyen sunan iyali, mutanen karkara suka yi biris, sai da aka ƙara tsanantawa a 1856. Don haka mace ɗaya na iya fitowa Jensdatter a rajistar baftisma, ta fito Jensen a ta aure. Na biyu, in yarinya ta rasu tana ƙarama, akan mayar wa ƙanwarta sunan. Wanda bai duba shekaru da kyau ba sai ya jingina zuriyarsa ga wadda ba ta ko kai yaye ba.

Ka ga ke nan haruffa uku kacal sun isa su nuna maka kabarin kakan da kowa ya manta. Ku fa, sunan wa kuka ci a gidanku?