Ɗokin Kirsimeti Tun Oktoba: Daga Wusasa Zuwa Mararaba

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya a garin nan ya san watan da kuɗin wata ke fara ja da baya. Daga tsakiyar Oktoba ne. Sai ka bi mutum ka ce ina na wannan watan, ya ce maka a yi haƙuri, an shiga hidimar Kirsimeti. Ka duba kalanda ka ga saura fiye da wata biyu. A satin da ya wuce wani daga cikinmu ya ce wai wannan ɗoki kwaikwayon Turawa ne kawai, abin da yara ke gani a talabijin da wayar hannu. Ban yarda ba, shi ya sa na ce bari in ɗan bi tarihin abin.

A gidan da nake haya akwai iyali 'yan asalin ƙasar Zazzau. Tun ruwan sama bai gama ɗaukewa ba uwargidan ta kai atamfa wurin tela, ta sayi galan na man gyaɗa ta tura ƙarƙashin gado, ta kuma ƙulla da uwar adashi cewa kwasarta ta faɗo a farkon Disamba. 'Yar autarsu kuwa kullum da safe, ana fama da ita ta sa takalmin makaranta, sai ta tambaya saura kwana nawa. Ba itacen ado a ɗakinsu, ba fitilu masu walƙiya. Abin da ke akwai buhu ne da galan da lissafin kuɗin mota.

Kafin a kai ga lissafin, sai a san cewa Kirsimeti da harshen Hausa ta haura shekara ɗari. A 1900 wata tawagar mishan ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya dawo ya zauna cikin birnin Zariya a 1905. Bayan 'yan shekaru wasu daga cikin Isawa, wato almajiran wani Malam Ibrahim na Kano da suka ɗaukaka sha'anin Annabi Isa tun kafin zuwan Turawa, suka nemo shi. Aka yi musu mazauni a Gimi, amma ciwon barci ya ci mutane da yawa a can, sauran suka watse. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa sak, tana nan har yau. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Wusasa ce ta ba Arewa likitanta na farko, Dakta R.A.B. Dikko, a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, haka ma Farfesa Ishaya Audu ɗan wannan al'umma ne. Ina jero sunayen ne saboda har yanzu akwai masu buɗe baki in an ce ga Bahaushe Kirista.

Ta wani ɓangaren kuma akwai mishan ɗin SIM, wanda daga gare shi ECWA ta fito a 1954, da na SUM, wanda majami'unsa suka haɗu a TEKAN a 1955. Su ne suka ɗauki Hausa suka mayar da ita harshen sujada ga ƙabilu da dama, daga kudancin Kaduna zuwa Filato, Bauchi, Gwambe da Adamawa. Har ƙasar Gbagyi, domin SIM ta kafa tasha a Karu tun farkon ƙarni na 20, lokacin da ba wanda ya yi mafarkin za a gina babban birni a gefenta. Ke nan an rera waƙoƙin Kirsimeti da Hausa a wannan yanki shekaru da dama kafin a sa harsashin Garki da Wuse. Daga baya, musamman daga shekarun 1970, Maguzawa da yawa a ƙasar Kano da Katsina, irin su yankin Malumfashi da Kafur, suka shiga addinin.

To, a ƙauyukan nan Kirsimeti ta faɗo daidai kan lokacin da manomi ke da abin hannu. An girbe gero, an yanke dawa, an cire gyaɗa, auduga ta shiga kasuwa. Dama can a ƙasar Hausa bayan kaka ake biki: aure, dambe, kokawa, kalankuwa. Bikin ya zo ya tarar da wurin zama a shimfiɗe. Amma duk abin da za a ci ranar sai an fara shi tun da wuri. Akuyar da za a yanka tun damina ake ɗaure ta. Kajin ma haka. Shinkafa a wancan zamani ba abincin kullum ba ce a gidan talaka, ta ranar salla ce da ranar Kirsimeti, don haka ana ware ta tun daga masussuka. Tela guda ne a ƙauye, wani lokaci sai an je gari ranar kasuwa, wanda ya makara kuwa ɗansa zai fita da tsohuwar riga. Zumuntar Mata su kan fara koyon sababbin waƙoƙi da tulu da ganga makonni kafin ranar, su fitar da anko, kowace ta san kuɗin da za ta tara. A majami'un Angilika da Katolika ma akwai Lahadi huɗu na shiri kafin 25 ga Disamba, abin da ke cikin tsarin ibadarsu tun da daɗewa.

Musulmin da ke karanta wannan ya san abin da nake faɗa, don ba wanda ke kai ɗinkin salla a daren salla sai mai son rigima da tela.

Abuja ta zo ta ƙara wa abin nisa. An yi dokar kafa birnin a ranar 3 ga Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991. Ma'aikata, 'yan sanda, sojoji, direbobi, masu gadi da magina suka kwararo, akasarinsu suka samu matsuguni a Nyanya, Karu, Kubwa, Mararaba da Suleja, don hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu. Mutumin da ubansa ke jiran kaka, shi yanzu ƙarshen wata yake jira. Albashi kuwa ba ya zuwa a dunƙule kamar amfanin gona, dole a gutsura shi sau uku: na Oktoba ga tufafin yara, na Nuwamba ga kayan abinci, na Disamba ga mota da abin da za a riƙa wa tsofaffi. Wanda ya bari sai ranar 20 ga wata ya shiga kasuwar Wuse ko Utako, ko ya je tashar Jabi neman mota, zai biya kuɗin makararsa. Daga nan watanda ta samu karɓuwa: mutum goma ko ashirin a ofis ko a majami'a su fara zubi tun watanni, a je Dei-Dei a sayo sa, a raba kashi-kashi. Tsohuwar dabarar mahauta da 'yan unguwa ce, ta dawo cikin ma'aikatan gwamnati.

Babban abin dai shi ne tafiya gida. Ga yawancin mutanenmu Abuja wurin nema ne, ba nan aka binne cibiya ba. Kirsimeti ce lokacin da ake kai yara su ga kakanni, a yi taron dangi, a sasanta rigimar gona, a ɗaura auren da aka ɗage. Shi ya sa daga 23 ga wata za ka ga titunan birnin sun yi fayau, kamar yadda suke yi a babbar salla.

Sai dai shekarun baya-bayan nan sun sa wa wannan shiri wani nauyi da iyayenmu ba su sani ba. Ranar Kirsimetin 2011 bam ya tashi a majami'ar St. Theresa da ke Madalla, mutane sama da 30 suka rasu, da yawansu suna fitowa daga sujada cikin sababbin kaya. Tun daga lokacin shirin biki ya haɗa da shingen ƙarfe da masu bincike a ƙofar majami'a. A Afrilun 2014 aka kai hari tashar Nyanya. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, jama'a suka koma jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016, shi ma aka tare shi a ranar 28 ga Maris ɗin 2022, bai dawo aiki ba sai farkon Disamban shekarar. Rufe iyakoki a 2019 ya ɗaga farashin shinkafa, cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya ɗaga na mota. Yanzu hirar Oktoba a gidaje da yawa ba ta launin atamfa kaɗai ba ce. Za a je ne bana, ko a aika da kuɗi? In za a je, duka gidan ko maigida shi kaɗai? Ta wace hanya, da ƙarfe nawa za a tashi don kada dare ya yi a daji?

Ban ce babu kwaikwayo ko kaɗan ba. Manyan kantunan cikin gari suna kafa itacen ado tun Nuwamba, da rangwamen ƙarshen wata irin na Amurka, yara kuma suna gani suna so. Har jar hular nan ta zo, ana sayar da ita a bakin titi cikin ƙurar hunturu. Amma wannan ado ne a sama. A ganina abin da ya fi cancanta a damu da shi daban ne: yaron da aka haifa a Kubwa, wanda shekara uku ke nan ba a kai shi gida ba, ya iya waƙoƙin bikin da Turanci tsaf, amma in kakarsa ta kira a waya sai uwarsa ta tsaya tana fassara. Majami'u da yawa a nan suna da sujadar Hausa da ta Turanci, ka leƙa ka ga wacce matasa suka fi cikawa. Wannan matsala ba ta Kirista kaɗai ba ce, duk mai ɗa a garin nan ya san ta.

Abu guda da Abuja ba ta kashe ba shi ne kwanon maƙwabci. A gidajen haya na Mararaba da Nyanya, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, har yanzu ranar 25 ga wata yara na zagawa da shinkafa da miya da cincin, kamar yadda naman layya ke zagawa a nasa lokacin. Na san gidajen da ke kiran maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, don kada a kai kwano a dawo da shi ba a taɓa ba. Wannan ma tun da wuri ake shirya shi, don sai an tabbatar mai yankan ba zai yi tafiya ba.

Maƙwabtan nawa dai sun yanke shawara za su je bana, ranar 22 da asuba, an riga an yi magana da direba. Mu kuma a ƙungiyance, tunda mun san inda kuɗin Oktoba da Nuwamba ke tafiya, zan kawo shawara a zama mai zuwa cewa a dawo da taron Disamba zuwa makon farko, waɗanda ake bi bashi kuma a ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen Janairu. Mai wata shawarar daban ya zo da ita ranar taro.