Yadda Filasta Ta Zo Ta Tarar da Laso a Kura

Idan magini a Kura ya ce gobe za a yi filasta, yashi da siminti yake nufi. Idan kuma yaro ya yanke da lauje a gonar shinkafa aka ce a sayo filasta, kemis za a nufa. A Turanci ma haka kalmar take da fuska biyu, kuma ta magani ce ta riga: asalinta daga Girkanci ne, sunan abin da ake shafawa a manna wa ciwo. Daga baya magina suka are ta.

Kafin zuwanta ba mu rasa suna ba, har ma namu sun fi rarrabewa. Bango yaɓe ake masa, sannan shafe. Ƙasan ɗaki daɓe ne, mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba don ya yi ƙarfi. Kura kuwa, garin rini da baƙin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, tana da nata simintin. Marina kan kwashe katsin da ya kwanta a gindin rijiyar baba, a shanya shi, a ƙona, a dake, a cuɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Shi ne laso. Da shi ake shafe cikin rijiyoyin karofi, su shekara da shekaru riƙe da ruwa ba yoyo. Ina ganin wannan fasaha ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi.

Siminti ya biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, amma ya daɗe yana kayan birni da ginin gwamnati. Abin da ya shigo da shi karkarar nan gadan-gadan shi ne aikin noman rani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka fara jan ruwa zuwa Kadawa da filayen Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Hanyoyin ruwa na son a lulluɓe cikinsu don kada ƙasa ta shanye, ga kwalbatoci, ga ƙofofin rabon ruwa. 'Yan ƙauyen da suka yi leburanci a wurin sun koma gida da sana'a a hannu da sababbin kalmomi a baki: kankare, bulo, kastin, filasta.

Kuɗin tumatir da alkama da shinkafa suka ƙarasa sauran. Manomi ya sayar da amfani, ya rushe tubali ya buga bulo. A yau wanda ya ce "yaɓe" ginin ƙasa yake nufi, wanda ya ce "filasta" kuwa na siminti. Laso sai ka nemi dattijon marini kafin ka sami mai faɗa maka yadda ake haɗa shi.