Ranar da mai Python ya ajiye rawani

Duk matashin da ya fara koyon rubuta wa kwamfuta umurni a yau, da wuya bai ci karo da Python ba. Harshe ne na ba inji umurni, kyauta ne, kowa na iya ɗauka, ya duba yadda aka ƙera shi, har ya gyara. Da shi aka gina babban ɓangare na Instagram, da shi masu binciken ƙirƙirarriyar basira ke aiki kullum. To amma wa ke da shi? Wa ke yanke hukunci idan an samu saɓani? Amsar tana cikin tarihinsa.

Abin ya faro ne a watan Disamba na 1989, a birnin Amsterdam na ƙasar Holand. Wani ma'aikacin cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI, mai suna Guido van Rossum, ya samu hutun Nowel, sai ya ce bari ya rage zaman banza da ƙirƙiro harshe mai sauƙin karantawa. A Fabrairun 1991 ya sake shi ga duniya. Sunan kuwa, ko da yake yana nufin mesa, ba daga macijin ya ɗauko shi ba. Daga wani wasan barkwanci na talabijin ɗin BBC ne, Monty Python, da yake so ƙwarai.

Mutane suka fara aiko da gyare-gyare daga ƙasashe daban-daban, ba albashi, ba kwangila. A Nuwamban 1994 aka yi taron farko na masu amfani da harshen a jihar Maryland ta Amurka, mutum wajen ashirin kacal. A cikin wannan shekarar ce wani daga cikinsu ya yi tambayar da kowa ke jin nauyin yi: in mota ta banke Guido gobe, ina makomar Python? Dariya aka yi, amma tambayar ba ta mutu ba. Cikin raha ma suka naɗa masa laƙabi, wai shi ne mai mulkin kama-karya na alheri har iyakar rai. Ma'ana, a yi ta muhawara yadda aka ga dama, amma maganar ƙarshe tasa ce.

Sannu a hankali jama'ar suka yi wa kansu tsari. A 2000 suka ɓullo da takardun shawara da ake kira PEP: duk mai son a canza wani abu sai ya rubuta dalilinsa, a ba takardar lamba, kowa ya tofa albarkacin bakinsa a fili. A 2001 aka kafa gidauniyar Python, wadda ke riƙe da haƙƙin mallakar harshen da kuɗɗin gudummawa. A 2003 aka fara babban taron shekara-shekara, PyCon, a Washington.

Jarrabawa ta farko ta zo a Disamban 2008, da fitowar Python 3. Guido da abokan aikinsa sun ga akwai kurakurai a tushe, suka gyara, amma gyaran ya sa tsofaffin ayyuka da yawa ba sa tafiya a kan sabon. Babban abin da aka canza shi ne yadda harshen ke riƙe rubutu: ya koma kan tsarin Unicode, wanda ya tattara haruffan duniya. Nan fa mu ma abin ya shafe mu, don ƙ da ɗ da ɓ da ƴ namu suna cikin haruffan da tsohon tsarin ke yawan dagulawa in mai rubutun bai kula ba. Sai dai kamfanoni sun ja ƙafa. An sa 2015 a matsayin ƙarshen Python 2, aka ɗage, sai ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe shi. Shekara goma sha ɗaya gida na rabe biyu, kuma duk zagin da ake yi, a kan mutum guda yake sauka.

Abin da ya karya ƙashin bayan haƙurin nasa kuwa ɗan ƙarami ne. A 2018 aka kawo takarda mai lamba 572, wadda ke neman a ƙara wata alama guda, ɗigo biyu da alamar daidai, wato :=, don a riƙa ba abu suna a tsakiyar jimla. Wasu suka ce za ta rage maimaici, wasu suka ce za ta ɓata tsabtar harshen. Aka shafe watanni ana cacar baki, har da maganganu marasa daɗi. Guido ya amince da shawarar. Ƴan kwanaki bayan haka, ranar 12 ga Yulin 2018, ya aika wa manyan masu aikin harshen wasiƙa cewa ya gaji, ya sauka. Kuma ya ce ba zai naɗa magaji ba, su je su san yadda za su mulki kansu.

Kun ji fa. Kusan shekara talatin mutum na riƙe da sanda, rana ɗaya ya jingine ta ya tafi. A wurare da dama nan ne ake watsewa, kowa ya kama ɓangarensa. Su ba su yi haka ba. Hanyar da suka saba da ita suka bi: aka rubuta shawarwari iri-iri, wasu na son shugaba guda, wasu uku, wasu na son a bar wa jama'a duka. A Disamban 2018 aka kaɗa ƙuri'a, majalisar mutum biyar ta yi nasara. Suka sa mata ƙa'idoji: wa'adinta gajere ne, ana sake zaɓe a kai a kai, kuma ba a yarda fiye da mutum biyu daga kamfani guda su zauna a cikinta ba, don kada masu kuɗɗi su saye harshen ta bayan gida. A farkon 2019 aka zaɓi majalisa ta farko: Barry Warsaw, Brett Cannon, Carol Willing, Nick Coghlan, da shi Guido kansa, wannan karon da ƙuri'a ɗaya kamar kowa. A zaɓe na gaba ma ya janye takararsa.

Me ya biyo baya? Alamar da aka yi rigima a kanta ta shiga Python 3.8 a Oktoban 2019, duniya ba ta tashi ba. Yanzu kowace shekara, a watan Oktoba, sabon zubi na fitowa. Kuma a Agustan 2019 ɗin nan aka yi PyCon Africa na farko a Accra ta ƙasar Gana, ƙarƙashin jagorancin Marlene Mhangami ƴar Zimbabwe, wadda ta zauna a kwamitin gudanarwa na gidauniyar. Kafin nan ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Namibiya da Najeriya sun riga sun fara nasu tarukan.

Abin lura a nan, tambayar da aka yi a 1994 ta samu amsa bayan shekara 24, kuma amsar ta yi sauƙi ne don tun mai gidan na nan aka saba rubuta shawara, aka raba dukiyar ƙungiya da aljihun shugaba, aka koyi yin gardama a bainar jama'a. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ku da ke cikin ƙungiyoyin matasa, da na mata, da na manoma, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ku duba taku. In wanda ya kafa ta ya ce gobe ya gaji, akwai takardar da za a buɗe? Wa ke riƙe da asusu? Mu ji daga gare ku.