Wa Ke Duba Inda Yaran Karkara Ke Yini?

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina ya san irin ƙasar da nake magana a kai. Gona manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a fili guda, kafin ka fita daga wannan ƙauye ka hango rumbunan na gaba. Babu filin da ba shi da mai shi, babu kuma hannun da ke zaune. Shi ya sa yaron da bai kai shekara biyar ba a nan, ba a gidan raino yake yini ba. Yana bayan uwarsa, ko a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai, ko a ɗakin kaka. In ya ɗan tasa, a miƙa masa allo a tura shi zauren malam. Mu malaman tsafta na ƙananan hukumomi, an ce aikinmu ne mu tabbatar wuraren nan ba su cutar da shi ba. Sai dai aikin ya daɗe yana tsaye a ƙofar gida kafin a ce masa bismilla.

Asalinmu duba-gari ne. An buɗe Makarantar Tsafta ta Kano a 1932, ta riƙa yaye ma'aikatan da ke ƙarƙashin En'e. Dattawan da suka koya mana aiki kan ba mu labarin zamanin da ake jin tsoron kakinsu: a leƙa randa a nemi tsutsar sauro, a duba masai, a duba mahauta da kasuwa, wanda aka samu da laifi ya tsinci kansa gaban alƙali ya biya tara. Amma wannan kwarjini na birni ne da garuruwan kasuwa. Mutumin ƙauye ba ya ganin duba-gari sai annoba ta faɗo, agana ko sanƙarau. Ko ya zo ma, iyakarsa zaure. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, yara ƙanana kuwa can suke, wurin mata.

Masu lamba, wato masu rigakafin agana, su ne suka fara taɓa jikin yaron karkara da sunan hukuma, kuma ba da daɗin rai aka karɓe su ba. Tsofaffi har yau suna faɗin yadda ake ɓoye yara a rumbu da zarar an ji sun sauka gidan dagaci. A 1967 aka fara babban gangamin kawar da agana da bindigar allurar nan da ake takawa da ƙafa. Zuwa 1970 cutar ta ƙare a Najeriya, a 1980 aka shelanta duniya ta rabu da ita. Wanda ya girme ni ya ɗaga hannun rigarsa, tambarin na nan.

A 1976 abu biyu suka faru tare: aka kafa ƙananan hukumomi a sabon tsari, aka kuma buɗe shirin firamare kyauta ga kowa. Azuzuwa suka tashi a ƙauyuka cikin gaggawa, da yawansu babu masai babu rijiya. Shi kuma duba-gari ya koma ma'aikacin sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kakin na nan, ƙarfin ya ragu. Madatsun ruwan da aka faro tun zamanin Audu Bako, irin su Tomas da Gari da Watari, sun kawo noman rani da kifi, Allah ya saka wa waɗanda suka yi da alheri. Sun kuma kawo tsargiya, har wasu yara maza suka ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar girma.

Idan za a yi adalci, wanda ya fara juyo da fuskar aikin lafiya wajen ƙaramin yaro shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa muka rataya sikeli a reshen darbejiya muna awon jarirai, muka raba katin rigakafi, muka koya wa iyaye mata ruwan gishiri da sukari: kwalbar lemo biyu ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari. Gudawa da amai da ke ɗauke yaro cikin kwana biyu suka sami magani a madafi. Alƙaluman hukuma sun ce a 1990 rigakafin yara ya kai kusan kashi 80 cikin 100. Bayan nan kuɗi suka janye, firji suka mutu, ƙyanda ta dawo.

Sai 1996. Sanƙarau ya kashe dubbai a Arewa, kuma a tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Asibitin Zana na Kano. Sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci 2003 ba, shekarar da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma yara da yawa sun gurgunce a dalilinsa, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amma tambayar da magidanta ke yi mana a ƙofar gida tana da nauyi: "Malam, maganin zazzaɓi sai na sayar da akuya, wannan kuwa har gida kyauta, sau nawa a shekara?" Ba mu da amsar da za ta gamsar da mai yaro kwance.

An dawo da rigakafin a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma yarda ba ta dawo da takardar gwamna ba. Ta dawo ne a hankali, ta hanyar da ya kamata a bi tun farko. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, maganar ta gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa aiki, waɗanda ake zuwa suna da biki tare da su. Su ne suka tsallake zauren da ya tsayar da duba-gari shekara da shekaru.

Ga yadda abin yake. Tawaga ta tsaya a ƙofa, mai unguwa ya yi sallama da maigida, mata biyu su shige da akwatin sanyi. Ka ji daga ciki: "Iya, ina jikan nan naki na goye?" Tsohuwa ta ce, "Yana barci, 'yar nan, kada ki tashe shi." A lallaɓa, a ɗiga masa ɗigo biyu, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu. A fito a rubuta da alli a jikin bango: ranar da aka zo, yara nawa ne a gidan, nawa aka samu. In an ƙi, a rubuta an ƙi, da yamma a koma da liman. Aikin ya ci rayuka. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, Allah ya jiƙansu. Sauran ba su ajiye akwatin ba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar nan a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ita.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mun gina hanyar da ta san kowane gida da kowane jariri, amma ba mu bi ta mun duba inda yaron ke zama ba. Dokoki kam akwai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare. A 2006 aka fitar da manufar lafiyar makarantu ta ƙasa. A 2023 Kano ta sami dokar kare yara. Sai dai takardar dubawar da ake ba mu an tsara ta ne da nazare ta birni a zuciya, mai lilo da fanfo da rajista. A Kunchi ko Makoda ko Tsanyawa, makarantar yaro ta farko ita ce ta allo da islamiyyar yamma, kuma akasarinsu ba sa cikin littafin kowa.

Na shiga irinsu da yawa. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, yara a cushe gwiwa na gugar gwiwa. Randa ɗaya a bakin ƙofa da moɗa ɗaya, mai tari ya sha, mai mura ya sha. Rijiya a tsakar fili, bakinta daidai da ƙasa, ba murfi. Masai babu, sai bayan katanga. Malamin ba mugu ba ne, sau da yawa kuɗin Laraba ma ba a biyansa. Idan ka zo masa da takardar tara, ka rufe ƙofar har abada. Idan ka tsuguna ka ce, "Allah gafarta malam, rijiyar nan in aka ɗaga mata baki da bulo shida aka sa murfi, hankalin kowa ya kwanta," sai ka ji ya ce, "Wallahi ni ma tana hana ni barci." Ranar Juma'a ya yi magana a masallaci, kafin mako ya zagayo an yi. Da tattausan harshe na ga an yi aikin da tara ba ta taɓa yi ba.

Rashin mai dubawa yana da farashi, kuma mun biya. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, ɗauke da 'yan islamiyya daga Badau za su Bagwai wajen Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. An yi wa jirgin lodi fiye da kima, kuma babu wanda aikinsa ne ya ce a rage. Bayan 'yan makonni, a cikin birni, aka gano mai makaranta ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta. Gwamnati ta soke lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya don a sake tantance su. Mataki ne da ya dace, amma wanda ba shi da lasisi tun farko, me za a soke masa? Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, akasarinsu yaran da ba su sami allurar farko ba. Cuta ce ta numfashi, ɗaki mai taga ɗaya shi ne gonarta.

Ba na neman a dawo da duba-garin da ake gudu. Ina neman kowace mazaɓa ta rubuta duk inda ake tara yara ƙanana, na allo, na islamiyya, na share fage, kamar yadda muka rubuta gidaje a zamanin shan inna. A ba malamin tsafta man babur ya zaga su sau ɗaya a wata tare da mai unguwa da ɗaya daga cikin matan nan da suka san kowace uwa. A duba ruwan sha, masai, bakin rijiya, iska, da katin rigakafi. Wanda ya gaza a taimaka masa ya gyara kafin a yi maganar hukunci.

Shugabannin ƙananan hukumomi, wannan bai kai kuɗin taron siyasa ɗaya ba. Kai kuma maigida, kada ka jira mu. Gobe da yamma ka raka ɗanka makarantar, ka leƙa randar da yake sha, ka tsaya a bakin rijiyar, sannan ka zauna da malam ku yi magana.