Muhammadu Ali Sa'id, marubucin Amurka ɗan Barno

Muhammadu Ali Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, an haife shi a Kukawa wajen shekarar 1836. Mahaifinsa, kamar yadda shi da kansa ya faɗa, shi ne Kacalla Barka Gana, babban jarumin Shehu Laminu na Barno. Mutumin Katagum ba baƙo ba ne ga wannan zamani: ayarin Turawan da suka iso Kukawa a 1823 ya rabu biyu, Denham ya bi Barka Gana zuwa Mandara, Clapperton da Oudney suka yi yamma, inda ajali ya riski Oudney a Murmur, kusa da Katagum, a watan Janairun 1824.

Sa'id bai gama balaga ba Buzaye suka sace shi a gefen Tafkin Cadi. Aka ƙetara da shi Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus, daga hannu zuwa hannu har Santambul, inda ya shiga gidan Fu'ad Pasha. Daga can jakadan Rasha, Menshikov, ya tafi da shi ƙasarsu. Daga baya ya koma gidan Yarima Trubetzkoy, a hannunsa aka yi masa wankan shiga Kiristanci a birnin Riga cikin 1855, aka laƙaba masa Nicholas. Ya zaga Turai yana hidimar ubangidansa, ya sauka Amurka a 1860, ya koyar a Ditiroit, sannan a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Masacusets, ta baƙar fata, a yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen tarihinsa a 1867, cikakken littafin kuma ya fito a Memfis a 1873.

Amurkawa kan jera littafin cikin labaran bayi, amma bai zauna daidai a wannan layi ba, don Sa'id bai taɓa yin bauta a Amurka ba. Da 'yancinsa ya shigo. Abin da ya fi daraja a cikinsa shi ne babobin farko, inda ɗan ƙasa ke bayanin Barno da maƙwabtanta, da sarautarta da yaƙe-yaƙenta da karatun allo, ga mutanen da aka koya wa cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Saboda haka ya cancanci ɗalibin tarihi a jami'ar Gadau ya ajiye shi kusa da rubuce-rubucen Turawa matafiya irin su Denham da Barth.

Masu shakka suna da hujja. Yaro ne ya bar gida, ya rubuta bayan shekara ashirin da 'yan kai, kuma ya san abin da Denham ya rubuta kan mahaifinsa, don haka ba kullum ake iya rarrabe abin da ya tuna da abin da ya karanta ba. Mafi nauyi ma, littafin 1873 bai ce uffan kan aikin sojansa ba, alhali takardun rundunar sun tabbatar da shi. Sai dai wannan shirun yana da dalili a fili: a jihohin Kudu na Amurka yake koyarwa, a Kudu yake tallar littafin, cikin mutanen da rundunarsa ta yaƙa shekaru kaɗan baya. Wanda ya ɓoye bindigarsa don tsira da wuyansa ba lalle ne ya ƙaga ƙuruciyarsa ba. Batun Denham kuwa, shi ma ta bakin tafinta ya ji wasu abubuwan da ya rubuta, amma ba a jefar da littafinsa ba. Ana gwada shi ne da wasu. Haka za a yi wa Sa'id, musamman kan hanyar Sahara, wadda Turawa suka bi a kan raƙuma, shi kuwa ya bi ta cikin ayarin bayi.