Citroën H: motar kaya da ta zama motar asibiti

Citroën H mota ce ta ɗaukar kaya da aka fara nunawa a birnin Paris a 1947, aka ci gaba da ƙera ta har 1981. An fitar da sama da 470,000. Ana gane ta da jikinta mai layi-layi kamar kwanon rufi, dabarar da ke ƙara wa siririn ƙarfe ƙarfi ba tare da ƙarin nauyi ba.

Don ƴan kasuwa da masu sana'a aka yi ta, amma asibitoci da ƴan kwana-kwana na Faransa suka ga amfaninta. Ƙafafun gaba ne ke jan motar, saboda haka babu sandar ƙarfen da ke ratsawa zuwa baya. Wannan ya sa daɓen ciki ya zama shimfiɗaɗɗe, kusa da ƙasa, ana shigar da gadon mara lafiya ba wahala. Rufin kuma yana da tsayin da mutum zai miƙe tsaye, ya duba majinyaci ana cikin tafiya.

Kamfanoni irin su Currus da Heuliez ne ke gyara ta: su ƙara tsawo, su huda tagogi, su kafa gado da kujerar mai jinya.

Aibinta rashin gudu da yawan ƙara. Shi ya sa a doguwar hanya aka fi son Citroën ID mai dogon baya, wadda ba ta jijjiga mara lafiya. Yau masu tara tsofaffin motoci ne ke neman ta, wasu kuma sun mayar da ita rumfar sayar da abinci.