Yanka da Haɗi: Inda Ƙwayar Halitta ke Zaɓen Saƙonta

Kafin 1977, masana sun ɗauka cewa umarnin da ke cikin ƙwayar gado a jere yake, ba tsinkewa. A shekarar ne Richard Roberts da Phillip Sharp, kowa da tawagarsa a Amurka, suka gano a jikin ƙwayar cutar adinobairos cewa saƙon gutsi-gutsi yake: sassa masu ɗauke da umarnin gina furotin, wato egzon, da wasu dogaye a tsakaninsu da ake cirewa, wato intiron. Binciken ya ba su kyautar Nobel a 1993. Da zarar an kwafo saƙon RNA daga DNA, sai a sa masa hula a ka, a liƙa masa jelar harafin A kusan 200. Wani babban inji na furotin da ƙananan RNA ya nemo kowane intiron ta iyakokinsa, GU a farko da AG a ƙarshe, ya lanƙwasa shi, ya datse, ya haɗa bakunan egzon. Sai an gama wannan aiki ne saƙon ke fita a karanta shi.

A ganina, wannan mataki ya fi ƙarfin share datti; a nan ƙwayar halitta ke yanke shawarar abin da za ta gina. Kamar tela da ke fitar da riga ko wando daga yadi guda, haka take tsallake wani egzon a ƙwaƙwalwa, ta riƙe shi a tsoka. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado masu gina furotin kusan 20,000 kacal, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu egzon da yawa ana haɗa su ta hanya fiye da ɗaya.

Mai musu zai ce almubazzaranci ne, kuma hujjarsa da nauyi. Ƙwayar gadon distirofin ta haura haruffa miliyan 2, amma kimanin 14,000 ne ke tsira a saƙon ƙarshe. Bakteriya ba su da wannan inji, suna kuma rayuwa lafiya lau. Kuskuren harafi ɗaya a bakin intiron na beta-gulobin, ƙwayar gadon nan da ake samun sikila a cikinta, yana haddasa ciwon talasemiya. Duk gaskiya ne. Sai dai ƙofar da kuskure ke shigowa, ta nan magani ke bi. A Disamba 2016 Amurka ta amince da maganin nusinersen, wanda ke sa a riƙe egzon na 7 na ƙwayar gadon SMN2, kuma jarirai masu ciwon shanyewar tsoka na gado sun amfana da shi, ba tare da an taɓa DNA ɗinsu ba.